Yadda ake rainon sheƙar tsuntsu, shukar dazukan Asiya da ke rayuwa a kan bishiya

A Singafo da Kuala Lumpur, duk wanda ya ɗaga kai ya dubi tsofaffin bishiyoyin gefen titi zai ga wasu manyan kwanduna na koren ganye sun ɗare a hammatar rassa, kai ka ce wani ne ya hau ya jera ganyen ayaba a cikin faifai. Ba wanda ya dasa su. Iska ce ta kai irinsu can, ruwan sama ya raine su. Masu jin harshen Malay suna kiran wannan shuka paku sarang burung, saboda kamarta da sheƙar tsuntsu. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, shi ma kamar da ya gani ke nan a 1753 da ya raɗa mata Asplenium nidus, domin nidus a Latin sheƙa ke nan. Ni ma sheƙar tsuntsu zan riƙa ce mata.

Tana cikin dangin tsirran da Turawa ke kira fan, waɗanda ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba sa ƙwayar iri. Gidanta na asali dazukan kurmi ne masu zafi da yawan ruwa: Malesiya, Indonesiya, Filifin, Indiya, tsibiran tekun Fasifik har Hawayi, arewacin Ostireliya, da wani yanki na gabashin Afirka. Yanzu ta shiga wajen masu sayar da furanni a manyan birane, mutane suna saye don ado, bayan wata biyu kuma su zubar da gawarta. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an ɗauke ta kamar barkono ko tumatir, an cusa ta cikin jar ƙasa, an ajiye a rana. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai ka san yadda take zaune a gidansu kafin ka iya riƙe ta a naka.

Yadda take rayuwa a can sama

Kada ka haɗa ta da kauci. Kauci yana soka saiwarsa cikin reshen ɗorawa ko kaɗanya yana tsotsar ruwan jikin bishiyar. Sheƙar tsuntsu aron wurin zama kawai take yi. Saiwoyinta suna kama ɓawon bishiya daga waje, ba sa huda shi.

To da me take ci? Ganyenta dogaye ne, daga rabin mita zuwa mita ɗaya da rabi, faɗinsu ya kai tafin hannu ko fiye, duk suna fitowa daga cibiya ɗaya suna buɗewa kamar mazurari. Duk abin da ya faɗo daga sama, busasshen ganye, fure, kashin tsuntsu, ƙananan ƙirare, cikin mazurarin nan yake tsayawa. Sabbin ganye su fito su danne shi, ya ruɓe a hankali, saiwoyi su kutsa ciki. Tsofaffin ganye idan sun bushe ba sa faɗuwa, sai su lanƙwashe ƙasa su zama siket a gindinta. Da haka take tara wani dunƙule mai laushi kamar soso, wanda ke shan ruwan sama ya riƙe mata. Wato ita ke haɗa ƙasarta da kanta, a rataye tsakanin sama da ƙasa.

A kwarin Danum da ke jihar Sabah a tsibirin Borneo, manyansu kan kai nauyin kilo 200. Martin Ellwood da William Foster na Jami'ar Kambirij sun wallafa bincike a 2004 da ya nuna cewa ƙwarin da ke cikin babbar sheƙa guda, su tururuwa da gara da kyankyasai da shanshani har da tana, nauyinsu kan yi daidai da na duk ƙwarin da ke sauran rassan bishiyar da take kai. Tanar ƙasa a saman bishiya, nesa da ƙasa da mita masu yawa! Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin takin da take haɗawa.

Abu huɗu za ka ɗauka daga nan: haske mai inuwa-inuwa, saiwa mai shan iska, ruwa mai zuwa ya wuce ba mai kwanciya ba, da iska mai laima. Sauran bayanin duk hanyar samar da waɗannan ne.

Mataki na farko: zaɓen shukar

Da ka je wajen mai sayarwa, kada girman ganye ya ruɗe ka. Sunkuya ka leƙa cibiyar. Lafiyayyiya za ka ga tsakiyarta da wani gashi-gashi mai launin ƙasa, a cikinsa kuma ƙananan ganye a nannaɗe, dunƙule-dunƙule kamar ƙwai a sheƙa. Idan cibiyar ta yi baƙi, ta yi laushi, ko tana wari, bar ta ko da kyauta aka ba ka. Wannan shuka wurin tohonta ɗaya ne tak, idan ya mutu ba ta da wani.

Juya ganyen ka duba bayansa. A manyan ganye za ka ga siraran layuka masu launin ƙasa, a jere a karkace daga jijiyar tsakiya, galibi a rabin ganyen na sama. Ba cuta ba ce, ma'ajiyar ƙurar irinta ce. Na san wata baiwar Allah da ta zauna da reza ta kankare su tas, tana zaton ƙwari ne.

Masu sayarwa suna ba 'yan'uwa uku suna ɗaya. Shafa jijiyar tsakiya ta bayan ganye: idan ta yi tsini kamar ƙirjin kaza, Asplenium australasicum ce ta Ostireliya. Idan ganyen siriri ne kuma layukan irin sun kusa kai baki, Asplenium antiquum ce ta Japan da Taiwan. Ainihin nidus jijiyarta ba ta da wannan tsinin ta baya, layukanta kuma a matse suke, suna tsayawa kusan rabin hanya. Rainonsu duka iri ɗaya ne, sai dai ta Japan ta fi ainihin nidus jure sanyi.

Mataki na biyu: wurin ajiyewa

Nemi wurin da za ka iya karatu da rana ba fitila, amma ranar azahar ba ta sauka a kansa. Baranda mai fuskantar gabas, ƙarƙashin mangwaro mai duhuwa, ko banɗaki mai taga babba. Hantsin safe na awa ɗaya ko biyu ba ya cutar da ita. Ranar tsaka kuwa wuni ɗaya ya isa ta ƙone ganye ya yi fari-fari kamar an zuba masa ruwan zafi, kuma wurin da ya ƙone ba ya komawa kore.

Guji gaban na'urar sanyaya ɗaki da ƙarƙashin fanka, duk busar da iska suke yi. Guji hanyar wucewa ma, domin sabon ganye da ke warwarewa laushi gare shi, ɗan gogawar riga sai ya bar masa tabon da zai girma da shi.

Mataki na uku: tukunya da abin da za a zuba

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a wurina, saboda jikinta yana numfashi yana kuma sanyaya saiwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ta kasance mai faɗi marar zurfi, da huji babba a gindi, uku ma ya fi. Kada ta fi dunƙulen saiwar da yawa, ratar yatsa biyu ko uku a kewaye ta isa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba ta kai gare shi ba, daga nan ruɓa ke farawa.

Ga haɗin da nake yi. Rabi ɓawon kwakwa, wato zaren nan na waje, a daddatsa shi kamar girman ƙwallon dabino. Kashi ɗaya cikin huɗu ruɓaɓɓen ganye da ya riga ya zama baƙi yana marmashewa, irin wanda ake samu a gindin tsohuwar bishiya bayan damina. Sauran kashin a haɗa gawayi da aka farfasa da sassaƙen ɓawon itace busasshe. Ɓawon kwakwa a jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwa kullum, domin yakan zo da gishiri. Gawayin kuma a wanke shi, kada toka ta biyo shi, toka kanwa ce a wurin wannan shuka.

Laka, jar ƙasa, yashin gini, ɗanyen kashin kaji: ko ɗaya kada ya shiga.

Gwada haɗin kafin ka dasa. Cika tukunya, zuba kofi ɗaya na ruwa. Idan ya ɓullo ta gindi kafin ka ƙirga goma, ya yi. Idan ya tsaya a sama yana kallonka, ƙara gawayi da sassaƙe. Sannan damƙi haɗin a hannunka ka matse, ka saki. Ya kamata ya wargaje, ba ya dunƙule kamar fura ba.

Mataki na huɗu: dashe

Jiƙa shukar tun da daddare. Da safe ko da yamma, kifa tsohuwar ledar ko tukunyar a tafin hannunka ta zame. Idan da laka aka dasa ta, tsoma dunƙulen cikin bokitin ruwa ka riƙa girgizawa a hankali har yawancin lakar ta fita. Saiwar baƙa ce ko mai launin ƙasa, siririya mai gashi, haka halittarta take. Wadda ta narke tana wari ita za ka yanke.

Zaunar da ita yadda cibiyar za ta ɗara saman haɗin da kamar faɗin yatsa. Kada ka binne cibiya. Cika gefe da gefe, ka ɗan bubbuga tukunyar haɗin ya zauna, ba dannawa da ƙarfi ba. Idan tana rangaji, tokare ta da duwatsu biyu har saiwa ta kama. Shayar da ita sosai, ka kai ta inuwa mai duhu na mako biyu, ba taki.

Bayan nan ba ta son a riƙa tayar da ita. Shekara biyu ko uku tana iya yi a tukunya ɗaya, sai ka ga nauyin ganye yana neman kifar da ita.

Mataki na biyar: ban ruwa

Kada ka yi mata jadawali. Yatsanka ne ma'auni: soka shi har gaɓa ta farko, idan ka ji ya fara bushewa ka ba ta ruwa, idan da danshi ka bari sai gobe. Idan za ka ba ta, ka ba ta har ya zubo ta gindi, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti.

Zuba ruwan a kewayen gindi, ba cikin cibiya ba. Wani zai ce ai a daji ruwan sama cikin cibiyar yake sauka. Gaskiya ne. Amma can a rataye take, ruwan yana ratsawa ya ɗige ƙasa, iska kuma tana kaɗawa ta ko'ina, kafin wani lokaci tsakiyar ta sha iska. A tukunya cikin ɗaki ruwan kwanciya yake yi a kan jariran ganyen har su ruɓe. Ta farko da na rasa haka ta tafi: ganyen waje kore shar, ina murna, ashe tsakiyar ta narke. Ranar da na ɗan ja wani ganye sai ya zare a hannuna, gindinsa baƙi kamar an tsoma a daddawa.

Ruwan sama ya fi kowane. Idan na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, wanda ke barin farin tabo a jikin buta, yana ƙona bakin ganye sannu a hankali. Idan shi kaɗai kake da shi, to duk wata ka yi wa tukunyar wanka da ruwa mai yawa ya wanke gishirin da ya taru, da damina kuma ka fitar da ita ta sha ruwan sama a inuwa.

Mataki na shida: hunturu da bazara

Ruwan da ke sauka a Singafo a shekara ya haura milimita 2,000, kuma babu watan da ba a ruwa, laimar iska tana kusan kashi 80 cikin 100. Kano ba ta samun rabin wannan, kuma da hunturu laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20. Saboda haka mai rainonta a Legas, Kumasi ko Duwala aikinsa kaɗan ne, mai rainonta a Kano, Sakkwato ko Damagaram kuwa daga Nuwamba zuwa Mayu gwagwarmaya ce. Ana iyawa, amma sai da dabara.

Da iskar hunturu ta fara, ɗauke ta daga waje ka kai inda iska ba ta bugawa. Wurin da na ga ya fi karɓar ta shi ne gindin randa, inda yashi ke jiƙe kullum, muddin akwai haske. Idan babu randa, cika faranti mai faɗi da tsakuwa, zuba ruwa har ya kusa rufe tsakuwar, ka ɗora tukunyar a kai yadda gindinta ba ya taɓa ruwan. Tara sauran shukokinka a kewaye da ita, tururin da suke fitarwa yana taimakon juna. Jiƙaƙƙen buhun algarara da aka rataya ta ɓangaren da iska ke shigowa ya fi feshi amfani nesa ba kusa ba, domin feshi minti kaɗan yake yi ya bushe.

Ƙura tana toshe ganye. Duk mako ka sa tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ganye, ka goge samansa da tsumma mai laushi da ruwa zalla. Kada ka shafa mai ko madara don ya yi ƙyalli. Ƙananan na tsakiya kuma kada ka taɓa su.

Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 27, kuma ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da 10, don haka mutanen Jos su riƙa shigar da ita ɗaki da daddare a Disamba da Janairu. Da bazara, lokacin da zafi ke kai 40, sauke ta ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, ka jiƙa daɓen kewaye da ita safe da yamma. Za ta daina toho, bakin wasu ganye zai bushe. Kada ka ɗauka yunwa ce ka ƙara taki. Da ruwan farko ya sauka za ka ga cibiyar ta motsa.

Mataki na bakwai: taki

Kaɗan, kuma da damina kawai. Takin zamani na ruwa a sirka shi ya zama rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba ko ƙasa da haka, sau ɗaya a wata, a kan jiƙaƙƙen haɗi. Ni na fi son in marmasa ruɓaɓɓen ganye in barbaɗa a kewayen gindi, abincin gidansu ke nan. Yawan taki yana sa sabon ganye ya fito a murɗe da ƙonannen baki.

Abin da ganye ke faɗa maka

Bakin ganye ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras: iska ta bushe ko gishiri ya taru. Ganye ya koɗe ya yi fari-fari: haske ya yi yawa. Ganye da yawa sun yi rawaya lokaci ɗaya alhali tukunya a jiƙe: saiwa na ruɓewa, ciro ta ka sauya haɗi. Na can ƙasa ɗaya ko biyu su bushe: tsufa ne kawai, yanke su daga gindi da wuƙa mai tsabta.

Ƙwarin da suka fi damunta su ne masu mannewa kamar ɗan ɓawo, da fararen nan masu kama da auduga. Bambancinsu da layukan iri a fili yake: ƙwarin a warwatse suke, suna ɓamɓaruwa da farce, suna barin danƙo, tururuwa kuma na zarya wurinsu. Goge su da auduga da ruwan sabulu marar ƙarfi, ka ɗauraye, ka maimaita bayan mako. Maganin feshi na gona yakan ƙone ganyen wannan dangi. Idan ka ga tabo mai launin ƙasa ya bi tsakanin jijiyoyi a miƙe, ko ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga mai, yanke ganyen ka ƙone, ka daina jiƙa ganye gaba ɗaya, domin ta ruwan da ke kan ganye cutar ke yaɗuwa. Katantanwa kuma da daddare take cin sabon toho, sai ka bi ta da tocila.

Mayar da ita kan bishiya

Inda damina ke da tsawo, wannan ya fi tukunya kyau. Matafiya kudancin Nijeriya sun saba ganin 'yan'uwanta na Afirka a jikin bishiyar kwakwar manja. Zaɓi bishiya mai kaushin ɓawo kamar mangwaro, a farkon damina. Shimfiɗa jiƙaƙƙen zaren kwakwa a hammatar reshe, ɗora dunƙulen saiwar a kai cibiya na kallon sama, rufe saiwar da wani zaren, ka ɗaure da tsohuwar robar tayar keke. Waya tana yanka ɓawo. Bayan wasu watanni saiwa za ta kama da kanta. A nan kam kada ka yanke busassun ganyen ƙasa, kada kuma ka share abin da ya faɗa ciki. A arewa mai nisa ban ba da shawarar wannan ba, hunturu ɗaya zai busar da ita.

Yadda ake samun sabbi

Ba a yanka reshenta a dasa, ba ta kuma fitar da 'ya'ya a gindi kamar ayaba. Hanyar mai gida ɗaya ce, ƙurar iri, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Jira layukan bayan ganye su kumbura su yi launin ƙasa sosai. Yanko yankin ganyen ka sa a ambulan na takarda, ka ajiye a busasshen wuri kwana uku zuwa mako. Za ka tarar da gari mai laushi kamar kwalli a ƙasan ambulan. Samu robar abinci mai murfi wadda ake ganin cikinta, zuba garin ɓawon kwakwa mai laushi kaurin yatsa biyu, kwarara masa tafasasshen ruwa don kashe fumfuna da irin ciyawa, tsiyaye, rufe har ya huce. Barbaɗa ƙurar sama-sama, kada ka yawaita, kada ka binne. Rufe, ka ajiye a wuri mai haske da rana ba ta taɓawa.

Bayan 'yan makonni saman zai yi kore kamar gansakuka. Daga baya koren zai zama wasu 'yan falle masu siffar zuciya, ko farcen ƙaramin yatsa ba su kai ba. Waɗannan ba su ne shukar ba tukuna. A ƙarƙashin kowane falle akwai ɓangaren namiji da na mace, kuma ƙwayar namijin iyo take yi cikin ruwa ta je ta sami ta macen. Shi ya sa dangin fan ke manne wa wurare masu danshi. A wannan gaɓar ka fesa musu tafasasshen ruwan da ya huce, sau ɗaya ko biyu a mako, ka mayar da murfi.

Watanni za su wuce kafin ka ga ɗan ganye na gaskiya, siriri kamar harshen tsuntsu, ya ɗago daga jikin fallen. Idan sun yi ganye uku ko huɗu, ɗebe su gungu-gungu da bakin cokali zuwa ƙananan kofuna masu huji, ka rufa musu leda. Cire ledar a hankali: awa ɗaya yau, biyu jibi, har mako biyu ko uku. Ka daidaita lissafinka yadda ranar cire leda gaba ɗaya za ta faɗo cikin Yuli ko Agusta, lokacin da iska ke jiƙe.